Mutumin da yake karanta sakamakon zaɓen da ya kayar da shi

A tsarin mulkin Amurka akwai wani aiki da ake ɗora wa mataimakin shugaban ƙasa sau ɗaya a cikin shekara huɗu, aikin da ba ya cin lokaci mai yawa amma yana da nauyi a zuciya. Ranar 6 ga Janairun da ya biyo bayan zaɓe, da ƙarfe 1 na rana, 'yan Majalisar Dattawa da na Majalisar Wakilai suna haɗuwa a zaure guda, a shigo da akwatunan katako masu ɗauke da takardun jihohi 50 da na gundumar babban birnin ƙasar. Mataimakin shugaban ƙasa, a matsayinsa na shugaban Majalisar Dattawa, shi ne yake buɗe takardun jiha bayan jiha bisa jerin haruffa, wasu 'yan majalisa huɗu suna karantawa suna lissafawa, har a ƙarshe ya faɗi da bakinsa adadin ƙuri'un da kowa ya samu. Nauyin yana zuwa ne idan shi kansa ɗan takara ne kuma shi ne ya sha kaye. Haka ta faru da John Breckinridge a 1861, wanda ya shelanta nasarar Abraham Lincoln alhali wasu jihohin kudu sun riga sun ɓalle daga tarayya. Ta faru da Richard Nixon a 1961, da Al Gore a 2001, sannan da Kamala Harris a 2025.

Na daɗe ina ganin cewa wannan ɗan zama ya fi bikin rantsarwa na 20 ga Janairu muhimmanci, duk da cewa bikin ne duniya take kallo. Ranar rantsuwa an riga an gama komai, saura sa sababbin kaya da jawabi. Ranar ƙidaya kuwa ita ce ranar ƙarshe da mai iko zai iya sa hannu ya ɓata abin da jama'a suka yanke, saboda haka a nan ake gane ko miƙa mulki zai tafi cikin ruwan sanyi.

Mutanen Amurka ba sa zaɓen shugaba kai tsaye. A watan Nuwamba kowace jiha tana zaɓen wakilan zaɓe gwargwadon kujerunta a majalisun tarayya, jimillarsu 538, kuma wanda ya samu 270 shi ya ci. Daga nan sakamakon yana hawa matakai: ƙananan hukumomi su tattara su sa hannu, hukumar jiha ta tabbatar, gwamna ya fitar da takardar shaida mai ɗauke da sunayen wakilan, wakilan su taru a babban birnin jiharsu a tsakiyar Disamba su kaɗa ƙuri'a, sannan a aika da takardun Washington. A kowane mataki akwai mutum da alƙalami a hannunsa, kuma kusan kullum ɗan wata jam'iyya ne, domin ƙasar ba ta da hukumar zaɓe guda ta tarayya da ke gudanar da zaɓe irin wadda muka saba da ita. Doka ta ba wannan mutum aikin tabbatar da cewa lissafi ya cika kuma takardu sun daidaita. Binciken maguɗi na kotu ne da masu sake ƙidaya. Matsayinsa irin na sanƙira ne a wurin raɗin suna: shi ne yake ɗaga murya kowa ya ji, amma ba shi ya zaɓi sunan ba, kuma ba shi da hurumin sauya shi don bai yi masa daɗi ba.

Tsarin mulkin ƙasar bai yi dogon bayani a kan zaman na Janairu ba. Gyara na 12, wanda aka yi a 1804, ya ce shugaban Majalisar Dattawa zai buɗe takardun a gaban majalisun biyu sannan a ƙidaya ƙuri'un, bai kuwa faɗi abin da za a yi ba idan jiha ɗaya ta aiko da takardu biyu masu karo da juna. Wannan giɓi ya kusa jefa ƙasar cikin sabon yaƙi a 1876, shekara 11 kacal bayan yaƙin basasa. Samuel Tilden na jam'iyyar Dimokrat yana da ƙuri'un wakilai 184, saura ɗaya ya ci, sai aka yi ta jayayya a kan ƙuri'u 20, wato 19 na Fulorida da Luwiziyana da Karolina ta Kudu da kuma ɗaya daga Oregon. Majalisa ta kafa kwamiti na mutum 15, biyar daga kowace majalisa da alƙalan Kotun Ƙoli biyar, suka yi ta yanke hukunci 8 da 7 bisa layin jam'iyya, aka ba Rutherford Hayes duka ƙuri'un, ya ci da 185. Sai ranar 2 ga Maris 1877 aka bayyana shi, ana saura 'yan kwanaki a rantsar da sabon shugaba. An kauce wa zubar da jini, amma ba kyauta ba: bayan hawan Hayes aka janye sojojin tarayya daga harkar siyasar kudu, baƙaƙen fata na yankin kuma suka rasa damar kaɗa ƙuri'a na tsawon shekaru masu yawa, har zuwa dokar kare 'yancin kaɗa ƙuri'a ta 1965. Duk lokacin da na ji ana yabon sulhun manya bayan rikicin zaɓe, nakan tuna da waɗannan mutane da aka yi cinikin zaman lafiya da haƙƙinsu ba tare da an tambaye su ba. Daga wannan tsoron aka yi dokar ƙidayar ƙuri'un wakilai ta 1887, wadda ta yi aiki shekara 135 duk da murɗaɗɗen rubutunta.

Ta yi aiki ne saboda waɗanda suka riƙe gudumar shugabancin zaman ba su nemi ƙofar da za su bi su kuɓuta ba. A 1961 jihar Hawayi ta aiko da takardu masu karo da juna, domin ƙidayar farko ta ba Nixon nasara da tazara ƙanƙanuwa, sake ƙidaya kuma ta ba John Kennedy da ƙuri'u 115. Nixon da kansa ya nemi a ƙidaya ƙuri'un ukun ga abokin hamayyarsa. Na Gore ya fi wannan ɗaci. Ya fi George Bush yawan ƙuri'un jama'a da sama da 500,000, ya rasa Fulorida da ƙuri'u 537, Kotun Ƙoli kuma ta tsayar da sake ƙidaya ranar 12 ga Disamba 2000 da rinjayen alƙali guda. Washegari ya fito ya ce bai yarda da hukuncin ba amma ya karɓe shi. Ranar 6 ga Janairu 'yan Majalisar Wakilai na jam'iyyarsa, yawancinsu baƙaƙen fata, suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna ƙalubalantar ƙuri'un Fulorida domin kare shi, shi kuwa yana tambayar kowannensu ko akwai sanatan da ya sa hannu a ƙorafin kamar yadda doka ta tanada. Da yake babu, sai ya yi ta buga guduma yana zaunar da masoyansa, har ya karanta 271 ga Bush, 266 gare shi.

A zaɓen 2020 Joe Biden ya samu ƙuri'un jama'a sama da miliyan 81, Donald Trump sama da miliyan 74, na wakilai kuma 306 da 232. Tazarar tana da faɗi a ido, amma ƙuri'u kusan 43,000 ne kawai suka raba su a jihohin Jojiya da Arizona da Wiskonsin gaba ɗaya, kuma da waɗannan ukun sun juya da an yi kunnen doki, 269 da 269. Trump ya ce an yi masa maguɗi. Zuwa kotu haƙƙinsa ne, babu mai hankalin da zai zarge shi a kan haka, kuma shi da magoya bayansa sun shigar da ƙararraki sama da 60. Kusan duka sun faɗi, wasu ma a gaban alƙalan da shi ya naɗa. Ministansa na shari'a, William Barr, ya faɗa a farkon Disamba cewa ma'aikatarsa ba ta ga maguɗin da zai iya sauya sakamako ba. Da ƙofar kotu ta rufe, sai aka juya kan masu riƙe da alƙalamin sa hannu, kuma wannan ne ɓangaren labarin da na fi ganin ya kamata a riƙa tunawa.

A jihar Mishigan hukumar da ke tabbatar da sakamako mutum huɗu ce, biyu daga kowace jam'iyya, sai uku sun yarda kafin a wuce. Biden ya ci jihar da ƙuri'u kusan 154,000, amma da 'yan Rifablikan biyun, wato 'yan jam'iyyar Trump, sun ƙi, da an shiga ruɗani. Ranar 23 ga Nuwamba ɗaya ya ƙaurace wa ƙuri'a, ɗayan kuma, wani matashin lauya mai suna Aaron Van Langevelde da ke yi wa 'yan jam'iyyarsa aiki a majalisar jihar, ya bayyana cewa doka ba ta ba hukumar ikon yin wani abu ba sai tabbatar da alƙaluman da aka kawo mata, ya kaɗa ƙuri'ar amincewa. A Arizona kakakin majalisar jiha, Rusty Bowers, wanda ya zaɓi Trump kuma ya yi masa yaƙin neman zaɓe, ya ƙi kiran majalisa ta sauya wakilan jihar, yana cewa a kawo masa hujja, ba a kuwa kawo ba. A Jojiya an ƙidaya ƙuri'u kusan miliyan 5 har sau uku, sau ɗaya da hannu, Biden yana gaba da 11,779. Ranar 2 ga Janairu 2021 shugaban ƙasa ya kira sakataren jihar mai kula da zaɓe, Brad Raffensperger, ɗan jam'iyyarsa, suka yi kusan awa guda a waya yana neman a samo masa ƙuri'u 11,780. Raffensperger ya amsa masa cikin ladabi cewa alƙaluman da aka ba shi ba daidai ba ne. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan uku da yake son Biden ya yi mulki, kuma wannan ne ya ba abin da suka yi daraja.

Saura mutum ɗaya, wato Mike Pence, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin. Wani lauya mai suna John Eastman ya tsara hujjar cewa mataimakin shugaban ƙasa zai iya ajiye takardun wasu jihohi gefe ko ya mayar da su, aka kuma tanadi jerin wakilan bogi a jihohi bakwai domin a ce akwai takardu masu karo da juna. Da wannan hujja ta tsaya, da duk mataimakin shugaban da ya tsaya takara zai iya naɗa kansa, da Gore ma ya yi haka tun 2001. Pence, wanda ya yi shekara huɗu yana yi wa maigidansa biyayyar da har ake yi masa gori a kanta, ya fitar da wasiƙa dab da fara zaman yana cewa rantsuwar da ya yi ta kare tsarin mulki ta hana shi ɗaukar wa kansa ikon zaɓar ƙuri'un da za a ƙidaya. Jim kaɗan bayan ƙarfe 2 na rana taron magoya bayan Trump suka fasa ginin majalisar, wasu suna kiran a rataye Pence. 'Yan sanda kusan 140 suka ji rauni, aka harbe wata mata daga cikin masu kutsen tana ƙoƙarin ƙetara wata ƙofa, ta mutu. Ma'aikatan Majalisar Dattawa sun yi ta maza sun fice da akwatunan takardun kafin a shiga zauren. Jami'an tsaro sun so su fitar da Pence daga harabar, ya ƙi, ya zauna a wani wurin ajiye motoci da ke ƙarƙashin ginin har ƙura ta lafa. Da misalin ƙarfe 8 na dare aka koma zama, aka kammala bayan ƙarfe 3 da rabi na daren, wato 7 ga wata, ya karanta nasarar Biden da faɗuwar takararsa shi da Trump.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan rana ba fasa tagogin ba ne. Bayan duk abin da suka gani da idanunsu, 'yan majalisa 147 na jam'iyyar Rifablikan, sanatoci 8 da wakilai 139, sun kaɗa ƙuri'ar watsi da sakamakon Arizona ko na Fensilbeniya ko duka biyun, alhali gwamnonin jihohin sun tabbatar da su, kotuna kuma sun gama da su. Adalci ya sa a faɗi cewa ba su ne suka fara wannan ɗabi'a ba. 'Yan Dimokrat sun ƙalubalanci ƙuri'un Ohayo a 2005 har aka yi muhawara, wasunsu kuma sun sake gwadawa a 2017, Biden ne ma ya zaunar da su yana cewa an gama. Waɗancan sun yi ne bayan ɗan takararsu ya amsa shan kaye, don haka ba daidai suke da na 2021 ba, amma sun koya wa majalisa cewa ranar ƙidaya rana ce ta huce haushi, kuma ban ga alheri a cikin wannan koyarwar ba ko daga wane ɓangare ta fito.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga irin wannan sa'a. A Yunin 1993 hukumar zaɓe a ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu ta fara fitar da sakamakon zaɓen da Moshood Abiola ya kara da Bashir Tofa, aka tsayar da ita da umarnin kotu kafin ta kammala, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida kuma ta soke zaɓen ranar 23 ga wata. An yi zaɓe lafiya, an ƙidaya, abin da ya rage kawai a faɗa, kuma rashin faɗar ya jawo wa Najeriya ƙarin shekara shida ba tare da zaɓaɓɓen shugaba ba, Abiola ya rasu a tsare a 1998. Ranar 31 ga Maris 2015 kuma, a zauren tattara sakamako na Abuja, tsohon minista Godsday Orubebe ya karɓe abin magana yana zargin Farfesa Attahiru Jega da son kai, ya zauna a gaban zauren yana cewa ba za a ci gaba ba. Jega ya bar shi ya gama, ya amsa zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya ba tare da ɗaga murya ba, sannan ya kira baturen zaɓen jiha ta gaba. Duk wanda ya tuna rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka sama da 800 a arewa, ya san abin da wannan haƙuri ya kare. Da yammacin ranar Shugaba Goodluck Jonathan ya kira Muhammadu Buhari ya taya shi murna tun ba a bayyana sakamakon ƙarshe ba, wanda ya zo da ƙuri'u 15,424,921 da 12,853,162. Ana yawan yabon wannan kiran waya, kuma ya cancanci yabo, amma sai da aka samu wanda ya ƙi tashi daga teburin ƙidaya kafin a samu sakamakon da za a taya wani murna a kansa.

Amurka ta gyara dokarta a ƙarshen Disamba 2022, da goyon bayan 'yan jam'iyyun biyu. Sabuwar dokar ta faɗa ƙarara cewa aikin mataimakin shugaban ƙasa jagorantar zama ne kawai, ba shi da ikon karɓa ko ƙin wata ƙuri'a. A da sanata ɗaya da ɗan Majalisar Wakilai ɗaya sun isa su tsayar da ƙidaya a shiga muhawara, yanzu sai an samu kashi ɗaya cikin biyar na kowace majalisa, wato sanatoci 20 da wakilai 87. Ta kuma ayyana cewa takarda guda ce za ta fito daga kowace jiha, daga hannun gwamna sai dai idan dokar jihar ta riga ta ambaci wani jami'in, ta buɗe hanyar gaggawa zuwa kotun tarayya idan an samu saɓani. Gyara ne mai kyau, kuma ya toshe ƙofar da Eastman ya so a bi. Sai dai matsin lambar ya sauka ƙasa, inda ba a cika kallo ba. A 2022 kwamishinonin ƙaramar hukumar Otero a jihar New Mexico sun ƙi sa hannu a sakamakon zaɓen fid da gwani sai da Kotun Ƙolin jihar ta umarce su, na Cochise a Arizona ma sun yi haka a babban zaɓen shekarar sai da alƙali ya tilasta musu. Doka tana iya tilasta wa ɗaya ko biyu, amma wa'adin tabbatar da sakamako gajere ne, kuma ƙasar tana da ƙananan hukumomi sama da 3,000.

Ranar 6 ga Janairu 2025, cikin dusar ƙanƙara da shingayen ƙarfe da aka kewaye ginin da su, Kamala Harris ta jagoranci zaman, ta karanta 312 ga Trump, 226 gare ta. Babu wanda ya ɗaga ƙorafi, aka tashi cikin kusan rabin awa. Biden ya karɓi Trump a fadar shugaban ƙasa tun a Nuwamba, ya kuma halarci rantsar da shi, abin da Trump bai yi masa ba a 2021, lokacin da ya zama shugaba na farko tun Andrew Johnson a 1869 da ya ƙaurace wa rantsar da magajinsa da gangan. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa tsarin ya warke. Ni ban ɗauke shi haka ba, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ɓangaren da ya ƙi karɓar kaye a 2020 shi ne ya ci a 2024, saboda haka ba a tambaye shi komai ba a wannan karon.

Abin da zai nuna yadda karo na gaba zai kasance shi ne abin da jami'an yau suka ga ya samu na jiya. Jam'iyyar Van Langevelde ba ta sake gabatar da sunansa ba da wa'adinsa ya ƙare a Janairun 2021. Bowers ya sha tsinuwar jam'iyyarsa a jihar, ya kuma faɗi zaɓen fid da gwani a Agustan 2022, bayan masu zanga-zanga sun yi ta zuwa ƙofar gidansa a lokacin da 'yarsa take kwance cikin ciwon ajali. Wasu ma'aikatan ƙidaya biyu a Jojiya, uwa da 'yarta, sun sha barazanar kisa saboda ƙaryar da aka yi musu, har uwar ta bar gidanta na wani lokaci, ko da yake kotu ta bi musu haƙƙinsu a 2023 da diyyar dala miliyan 148 a kan Rudy Giuliani, wanda ya yi wa Trump aikin lauya. Pence ya nemi takarar shugaban ƙasa, ya janye a Oktoban 2023 tun ba a fara zaɓen fid da gwani ba. Raffensperger kaɗai daga cikinsu ya sake cin zaɓe, a 2022, duk da cewa Trump ya mara wa wani baya domin a kayar da shi. A ɗaya ɓangaren, ranar da Trump ya koma mulki ya yi afuwa ga mutum kusan 1,500 da aka tuhuma ko aka ɗaure saboda kutsen majalisa, har da waɗanda suka doki 'yan sanda. Duk wani ƙaramin jami'i da za a miƙa wa takardar sakamako a Nuwamban 2028 ya san waɗannan labarai fiye da yadda na san su. Zaman ƙidaya na gaba zai zo a Janairun 2029, kuma idan babu abin da ya sauya, mataimakin Trump, JD Vance, ne zai riƙe gudumar, mutumin da ya faɗa a bainar jama'a a 2024 cewa da shi ne a kujerar Pence da ya nemi jihohin da ake jayayya a kansu su aiko da jerin wakilai fiye da ɗaya.